Babi na Biyar: Me Ya Sa Jifa Ke Lanƙwasa?

Me ya sa dutsen da aka jefa ba ya tafiya a miƙe? Yaron da ke jifan mangwaro ya san in ya saita wanda yake so kai tsaye, ta ƙarƙashinsa dutsen zai wuce, dole sai ya ɗan ɗaga hannu. Maharbi mai kwari da baka ya san haka, mai tsaron gida da ke bugo ƙwallo zuwa tsakiyar fili ma ya sani. Duk abin da aka wurga, dutse ne ko mashi ko takalmi, hawa yake yi, ya sassauta a can sama, sannan ya gangaro, kuma tun daga barinsa hannu har saukarsa hanyar a lanƙwashe take.

Akwai wata tambayar a ƙarƙashin wannan, wadda ta fi ta wuya. Mai ga-ruwa in ya cire hannu daga kurarsa, ba za ta yi nisa ba za ta tsaya. To dutsen da hannu ya riga ya saki, me ke ci gaba da kai shi gaba? Masana sun shafe kusan shekara 2,000 suna kokawa da waɗannan tambayoyi, kuma da amsa ta bayyana sai ta zama guda ce ga duka biyun: abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci ɗaya, wata gaba, wata ƙasa, kuma babu wadda ke shiga sha'anin 'yar'uwarta.

Abin da magabata suka ɗauka

Aristotal, masanin Girka da ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa motsi iri biyu ne. Akwai na ɗabi'a, kamar faɗuwar dutse zuwa ƙasa, inda ya ce can ne mazauninsa na asali. Akwai kuma na tilas, wanda ba ya yiwuwa sai da mai turawa. Da aka zo kan jifa sai maganar ta cije, domin babu mai turawa da ido ke gani. Ya warware ta da cewa hannu yana kaɗa iska tare da dutsen, iskar kuma ta ci gaba da miƙa shi gaba har ƙarfinta ya ƙare.

A ƙarni na 6, wani malami a birnin Iskandariya ta Masar, Yohana Filofonus, ya ƙi yarda. Hujjarsa mai sauƙi ce: in da iska ce ke kai kibiya, to a ɗora ta a kan sanda, a yi ta kaɗa iska a bayanta, a ga ko za ta tashi kamar an harba ta. Ya ce mai jifa yana zuba wa abin da ya jefa wani ƙarfi ne a cikinsa, ƙarfin kuma yana ƙarewa a hankali. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a shekarar 980 ya rasu a 1037, ya matsa gaba da wannan a littafinsa Kitab al-Shifa. A ganinsa wannan ƙarfi ba ya ƙarewa don kansa, iska ce ke cinye shi, kuma da za a sami wurin da babu iska babu komai, da abin da aka jefa bai tsaya ba. Wannan magana ta kusanci gaskiya ƙwarai, ga shi kuwa an yi ta shekara 600 kafin a tabbatar da ita. Jean Buridan ya koyar da makamanciyarta a Paris a ƙarni na 14.

Duk da haka siffar hanyar ta ci gaba da ɓoye musu. A tsofaffin littattafan maharban igwa na Turai ana zana harsashi yana tafiya a miƙe zuwa sama, ya ɗan karya kwana, sannan ya faɗo a tsaye. Tunanin shi ne sai ƙarfin tilas ya ƙare kafin na ɗabi'a ya karɓa, wato bi da bi suke aiki. Niccolo Tartaglia, masanin lissafi ɗan Italiya, ya buga littafi kan harbin igwa a 1537, inda ya ce igwa ta fi kai harsashi nesa in an ɗaga bakinta digiri 45, daga baya kuma ya nace cewa babu wani yanki na hanyar da yake miƙaƙƙe sosai. Ya yi daidai a duka biyun, amma bai iya nuna dalili ba. Dalilin sai a hannun Galileo ya fito.

Tafiya ta farko: gaba

Galileo, wanda aka haifa a Pisa a 1564, ya yi tunani a kan ƙwallon ƙarfe da allo mai santsi. In allon ya karkata ƙasa, ƙwallon ƙara gudu yake yi. In ya karkata sama, rage gudu yake yi. To in allon a kwance yake sak, bai karkata ko'ina ba, kuma babu ƙura babu kaushi? Babu abin da zai ƙara masa gudu, babu abin da zai rage masa. Ke nan zai ci gaba da tafiya yadda yake.

Wannan ya juya tambayar gaba ɗaya. Abin da ke tafiya ba ya bukatar mai tura shi don ya ci gaba. Tsayawarsa ce ke bukatar dalili. Kurar mai ga-ruwa tana tsayawa ne saboda gogayyar tayoyi da ƙasa, da yashi, da tsatsar gindin taya. Dutsen da ke cikin sarari ba ya gogar komai sai iska, shi ya sa yake riƙe gudun da hannu ya ba shi. Isaac Newton ya sa wannan a matsayin dokar motsi ta farko a babban littafinsa na 1687.

Fasinjan jirgin ƙasa yana iya ganin haka daga kujerarsa. Jirgin na gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 kowane sakan. Ya cilla lemo sama, lemon ya yi sakan ɗaya a iska, ya dawo tafin hannunsa. A cikin wannan sakan ɗin jirgin ya ci mita 28, amma lemon bai koma bayan tarago ba, domin yana ɗauke da gudun jirgin tun kafin ya bar hannu, kuma bai yar da shi ba. Fasinja ya ga lemo ya hau ya sauko a miƙe. Manomin da ke tsaye a gefen layin dogo, da zai iya hangen cikin taragon, abin da zai gani daban ne: lemo ya yi doguwar lanƙwasa mai tsawon mita 28. Wannan riƙon gudu ne ma ke sa yaron mota da ya diro tana tafiya yake ɗan rugawa gaba kafin ya tsaya. Ƙafarsa ta taka ƙasa, amma jikinsa yana nan da gudun motar.

Tafiya ta biyu: ƙasa

Faɗuwa ba ta da wannan natsuwa. Duniya tana jan kowane abu zuwa tsakiyarta, kuma jan ba ya hutawa, don haka abin da ke faɗuwa kullum ƙara gudu yake yi. An auna ƙarin: kusan mita 9.8 a sakan, cikin kowane sakan. Dutsen da aka saki daga sama, bayan sakan ɗaya yana gudun mita 9.8 a sakan, bayan biyu 19.6, bayan uku 29.4. Nisan da ya faɗo kuwa ya fi haka saurin girma: mita 4.9 a ƙarshen sakan na farko, 19.6 a ƙarshen na biyu, 44.1 a ƙarshen na uku. In lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu; in ya ninka uku, nisa ya ninka tara. Mai son sanin zurfin rijiya yana iya sakin tsakuwa ya ƙirga. In ta yi sakan biyu kafin a ji ta taɓa ruwa, zurfin ya kusa mita 20.

A zamanin Galileo babu agogon da zai kama irin wannan sauri, sai ya rage wa faɗuwar gudu. Ya sassaƙa kwari a jikin dogon katako, ya goge shi ya yi santsi, ya jingina shi, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a ciki. Lokaci kuma da ruwa ya auna shi: ya buɗe ƙaramar kafa a gindin wani babban mazubi sa'ad da ƙwallon ya tashi, ya toshe sa'ad da ya iso, sannan ya auna nauyin ruwan da ya taru. Abin da ya samu shi ne nisan da ƙwallon ke ci a lokuta masu tsawo ɗaya yana bin jerin 1, 3, 5, 7. A tara su a jere a ga 1, 4, 9, 16.

Nauyin abu ba ya canza wannan lissafi. Duniya tana jan babban dutse da ƙarfi fiye da yadda take jan tsakuwa, amma babban dutsen ya fi wuyar motsawa daidai gwargwadon haka, sai abin ya tashi kunnen doki. Abin da ke sa takarda ko gashin kaza jinkiri iska ce. A watan Agusta na 1971 ɗan sama jannati David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu a tare a gaban kyamara, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya.

Abin da aka cilla sama ma faɗuwa yake yi tun daga farko, sai dai ana cire faɗuwar ne daga gudun hawansa. Kowane sakan jan duniya yana zare masa mita 9.8 daga gudun, har ya ƙare, sannan ya fara dawowa. Magina na gargajiya suna cin moriyar wannan kullum. Magini yana zaune a kan katanga, yaronsa a ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya. Ƙwararren yaro yana auna ƙarfin hannunsa yadda tubalin zai ƙare hawansa daidai saitin ƙirjin magini. A wannan ɗan lokacin tubalin kusan a tsaye yake cik a iska, magini ya miƙa hannu ya ɗauke shi ba tare da ya buge shi ba. Don tubali ya hau mita 3, sai ya bar hannu da gudun kusan mita 7.7 a sakan. In ya gaza haka ba zai kai ba, in ya zarce sosai zai iso da sauran ƙarfi ya bugi yatsun mai karɓa.

Inda tafiyoyin biyu suka haɗu

Ga gwajin da kowa zai iya yi a ɗaki. A ajiye marfin kwalba biyu a bakin tebur. A ɗalle ɗaya da yatsa ya tashi gaba da ƙarfi, a daidai lokacin da aka ture ɗayan ya faɗi kurum. Na farko zai sauka can tsakiyar ɗaki, na biyu a gindin tebur, amma ƙarar saukarsu ɗaya kunne zai ji. In tsayin teburin santimita 80 ne, kowannensu ya yi kusan kashi huɗu cikin goma na sakan a iska. Gudun gaba bai jinkirta faɗuwa ko kaɗan ba, faɗuwa kuma ba ta rage gudun gaba ba. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan sai sun gwada da kansu, domin zuciya tana raya cewa abin da ke gudu sosai gudun yana riƙe shi a sama.

Yanzu a ɗauka mutum yana kan wani tsauni, ya wurga dutse gaba sak da gudun mita 10 a sakan. Bayan sakan ɗaya dutsen ya ci mita 10 gaba, ya sauka kusan mita 5. Bayan biyu ya ci 20, ya sauka kusan 20. Bayan uku ya ci 30, ya sauka 44. A ɗiga waɗannan wurare a takarda a haɗa su da layi. Da farko layin kusan a kwance yake, saboda faɗuwa ba ta kankama ba. Can gaba sai ya riƙa nutsawa, saboda tafiyar gaba tana nan yadda take, faɗuwa kuwa sai ƙaruwa take yi. Lanƙwasar jifa ke nan, kuma babu wani sirri a cikinta da ya wuce wannan.

Masana lissafi suna kiran wannan siffa farabola, kuma sun san ta tun kafin a san tana da alaƙa da jifa. Apoloniyus na Perga ya yi cikakken nazari a kanta wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, a matsayin layin da ke fita in aka yanka abu mai siffar mazurari, yankan yana bin karkatar gefensa. Shekara 1,800 tana kwance a littattafan lissafi. Wajen 1608, a birnin Padua, Galileo ya riƙa gangaro da ƙwallo ya bar shi ya fita daga bakin tebur, yana auna inda ya sauka, har ya gane hanyar jifa ita ce wannan tsohuwar siffa. Bai samu buga bayanin ba sai 1638, a birnin Leiden na ƙasar Holan, lokacin yana tsare a gidansa kusa da Florence, idanunsa sun riga sun mutu.

Dutse yana wucewa da sauri, ido ba ya iya riƙe hanyarsa. Ruwa ya fi nuna ta. Wanda ya riƙe tiyo yana ban ruwa a lambu, ko ya karkata buta, yana kallon farabola tsaye a gabansa, domin kowane ɗigo jifa ne, kuma duk suna bin sawun juna.

Matsalar yaro mai jifan mangwaro ma a nan take warwarewa. Da babu jan duniya, da dutsensa ya bi layin da ya saita har ya sami mangwaron. Amma in dutsen zai yi rabin sakan kafin ya isa, ya riga ya sauka mita 1.2 ƙasa da wannan layi. Dole ya saita sama da abin da yake nema da wannan gwargwado. Abin mamaki shi ne, da mangwaron zai tsinke don kansa a daidai lokacin da dutsen ya bar hannu, to saitin kai tsaye ne zai same shi, domin dutse da mangwaro tare za su sauka mita 1.2 ɗin. Harsashi ma bai tsira ba. Na bindigar soja irin AK-47 yana fita da gudun kusan mita 715 a sakan, amma kafin ya ci mita 100 ya sauka kusan santimita 10, kafin ya ci 300 kuma saukar ta haura mita guda. Shi ya sa ake yi wa abin saitin bindiga matakai gwargwadon nisa.

Wace kusurwa ta fi kai jifa nesa?

Ƙarfin hannu guda ne, kuma dole a raba shi tsakanin tafiyoyin biyu. Kason da aka ba hawa shi ke sayen lokaci a iska. Kason da aka ba gaba shi ke cin nisa a cikin wannan lokaci. Wanda ya yi jifa ƙasa-ƙasa yana da gudun gaba amma ba shi da lokaci. Wanda ya cilla sama sosai yana da lokaci amma ba ya zuwa ko'ina.

A gwada da gudun mita 20 a sakan, a fili mai shimfiɗe, a kuma manta da iska tukuna. A digiri 30, dutsen yana hawa mita 5, ya yi sakan 2 a sama, ya sauka a mita 35. A digiri 60, yana hawa mita 15, ya yi sakan 3.5, ya sauka a mita 35 ɗin dai. A digiri 45, inda rabon ya zo daidai, yana hawa mita 10, ya yi kusan sakan 3, ya kai mita 41. Maganar Tartaglia ta tabbata. Haka kuma duk kusurwa biyu da jimlarsu ta ba da 90, kamar 20 da 70, wuri ɗaya suke kai jifa, ɗaya ta ƙasa da sauri, ɗaya ta sama a hankali. Ɗan ƙwallo yana zaɓa tsakaninsu ba tare da lissafi ba: ya miƙa ta ƙasa-ƙasa in hanya a buɗe take, ya ɗaga ta in akwai mai tsaron baya a tsakani.

Gudu ya fi kusurwa tasiri nesa ba kusa ba. In aka ninka gudun jifa sau biyu, nisan ninki huɗu yake yi, domin dutsen ya sami ninkin lokaci a iska, kuma yana cin ninkin nisa a kowane sakan. Amfanin majajjawa ke nan a hannun yaron da ke korar tsuntsaye a gonar gero: igiyar tana ƙara wa hannunsa tsawo, juyawar tana tara wa dutsen gudu, ƙarin gudu kaɗan kuma ya zama ƙarin nisa mai yawa.

Sai dai digiri 45 ba doka ba ce a ko'ina. Tana aiki ne in wurin tashi da wurin sauka tsayinsu ɗaya. 'Yan wasan jifan dalma, masu tura ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 7.26, suna sakinsa daga sama da kafaɗa ya sauka a ƙasa, kuma jikin mutum ya fi iya tura abu gaba a kan tura shi sama, don haka gwanayensu sukan tsaya tsakanin digiri 35 da 40. Masu dogon tsalle ma wajen digiri 20 suke tashi, saboda neman tashi sama sosai zai cinye musu gudun da suka taho da shi.

Rabon iska

Duk lissafin da ya gabata an yi shi ne kamar babu iska, alhali tana nan, kuma Ibn Sina ya yi gaskiya da ya ɗora mata laifin rage gudu. Turjiyarta tana ƙaruwa da faɗin abu, tana kuma ƙaruwa da gudunsa sosai: in gudu ya ninka biyu, turjiya ta kusa ninka huɗu. Dutse mai nauyi da hannu ya jefa bai cika damuwa da ita ba. Abu marar nauyi kuwa ita ke juya shi. Mace mai shiƙa tana ɗaga ƙwarya ta zubo hatsi, tsaba ta sauko kusan a miƙe, ƙaiƙayi ya bi iska. Da jan duniya ne kaɗai, da tare za su sauko. Iska ce ta raba su.

Ga abu mai tsananin gudu, iska tana ɓata farabolar gaba ɗaya. Harsashin da aka ambata a baya, da babu iska, da ya kai kilomita 50. A zahiri kilomita 2 zuwa 3 yake yi, kuma ya fi nisa in an harba shi wajen digiri 30 zuwa 35. Hanyarsa ba ta da daidaiton ɓangarori biyu: hawan dogo ne a kwance, saukar gajera ce mai tsayi. A nan ya kamata a yi wa tsofaffin maharban igwa adalci, domin zanen nan nasu na harsashi mai tafiya a miƙe ya faɗo a tsaye ya ɗan yi kama da abin da idonsu ke gani.

A 1918 Jamusawa sun yi wa birnin Paris luguden wuta daga nisan kusan kilomita 120, da wata doguwar igwa da kamfanin Krupp ya ƙera. Sun ɗaga bakinta fiye da digiri 45 da gangan, don harsashin ya yi saurin fita daga iska mai kauri ta kusa da ƙasa. Yakan hau wajen kilomita 40, inda iska ta yi siriri, ya yi yawancin tafiyarsa a can, ya sauka bayan kusan minti 3. A irin wannan nisa sai da suka sa juyawar duniya a lissafi. Lissafin hanyar harsashi a cikin iska ba shi da gajeriyar hanya. Sai an bi shi taki-taki, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu ɗakuna cike da ma'aikata, yawancinsu mata, suke yin sa da hannu, hanya ɗaya tana cin awoyi masu yawa. Wannan wahala ce ta sa sojan Amurka suka ba da kuɗin ƙera ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, wadda aka nuna wa duniya a 1946.

Akwai wani abu da ya kamata masu harba bindiga sama a wurin biki su sani. Iska tana rage wa harsashin da ke dawowa gudu, amma ba ta rage shi yadda zai zama marar illa. An auna harsashin bindigar soja da aka harba sama sak yana dawowa da gudun wajen mita 90 a sakan, fiye da kilomita 300 a awa, wanda ya isa ya huda fata ya fasa kai. In kuwa bakin bindigar ya ɗan karkata, kamar yadda yakan kasance a hannun mai murna, harsashin yana riƙe gudunsa na gaba, ya sauka da ƙarfi fiye da haka a wata unguwa, kan mutumin da bai ma ji ƙarar harbin ba.

Iska tana kuma iya karkatar da jifa gefe, in abin yana juyawa. Ƙwallon da ke juyi yana jan iskar da ke jikinsa, ya ture ta gefe guda, ita kuma ta ture shi ɗaya gefen. Bajamushe Gustav Magnus ya yi bayanin wannan a 1852, yana binciken abin da ke sa harsashin igwa kauce wa saiti. Masu kallon ƙwallo sun ga misalinsa a bugun tazarar da Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a Lyon a 1997, inda ƙwallon ya nufi waje kamar ya ɓace, sannan ya lanƙwaso ya shiga raga.

Jifan da ba ya sauka

Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ga duk jifan da hannu ko igwa za su iya yi, haka ne. Newton ya tambayi abin da zai faru in aka ci gaba da ƙara gudu. Ya ce a ƙaddara igwa a kan wani dutse mai tsayin da ya wuce iska, bakinta a kwance. Harbi na farko ya sauka kusa. A ƙara albarushi, ya sauka nesa. A ƙara kuma, har nisan ya kai inda ba za a iya ɗaukar ƙasa a matsayin shimfiɗaɗɗiya ba, domin duniya dunƙulalliya ce, kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashin harsashin yayin da yake tafiya.

Lissafin ya zo da daidaito mai ban sha'awa. A kowane kilomita 8, doron duniya yana sauka kusan mita 5 daga miƙaƙƙen layi. Abin da ke faɗuwa kuma kusan mita 5 yake sauka a sakan na farko. Ke nan harsashin da ke gudun kilomita 8 a sakan, in ya faɗo mita 5, ƙasa ma ta kauce masa da mita 5, tsayinsa daga ƙasa bai ragu ba. Haka zai yi ta faɗuwa yana zagaya duniya ba tare da ya taɓa ta ba. A nan ne ma ake gane cewa farabola kusantawa ce kawai, mai aiki a ɗan gajeren nisa inda jan duniya ke fuskantar wuri ɗaya. Ainihin hanyar kowane jifa yanki ne na wata doguwar da'ira mai kewaye tsakiyar duniya, sai dai ƙasa tana tare shi kafin ya kammala ta.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafiya a tsayin kusan kilomita 400, da gudun kilomita 7.7 a sakan, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90. Jan duniya a wannan tsayi bai ragu sosai ba, yana nan wajen kashi 90 cikin 100 na yadda yake a ƙasa. Mutanen ciki suna shawagi ne saboda su da tashar tare suke faɗuwa. Newton ya ga cewa wata ma haka yake, daga nisan kusan kilomita 384,000. Yadda ya auna faɗuwar wata ya gwada ta da faɗuwar dutse a doron ƙasa, da yadda wannan awo ya nuna masa cewa jan yana raguwa da nisa bisa ƙa'ida tsayayya, shi ne abin da babi na shida zai ɗauka.